Neman Lasifika Kafin Asabar

Litinin, 3 ga Maris

Sai yau na iya rubutawa. Bayan wasan Asabar manajan otal ya ja ni gefe, wai baƙi suna tashi daga teburan gaba, sautina yana soke musu kunne. In aka kuma ranar Asabar mai zuwa, zai nemi wani. Shekara tara ina kaɗa jita ni kaɗai a lambun nan, kuma shi ne wurin da ya rage min. Laifin tsohuwar lasifikata ne. Ta dushe, sai na murɗe maɓallin kaifin sautinta har ƙarshe nake jin muryata.

Talata, 4 ga Maris

Shagon kayan sauti. Ba wani abu mai yawa nake nema ba: mai batir, mai ramin makirfo da na jita, wadda zan ɗauka da hannu ɗaya. Mai shago ya jera min uku. Ta farko kamar buhun siminti, ƙuguna ya ce a'a tun ban ɗaga ba. Ta biyu ƙarama, batirinta wai awa huɗu. Na san "wai" ɗin 'yan kasuwa. Ta uku ce ta kwanta min, tana da mariƙi, tana hawa sanda, ba nauyi.

Sai dai duk ukun muryarsu a dushe. Na ce masa kayan yanzu ba su da kaifi. Ya dubi maɓallin kaifin, ya dube ni. "Maigida, ai a ƙarshe yake." Ya yarda in tafi da ta ukun in gwada.

Laraba, 5 ga Maris

Na gwada a falo. Uwar yara ta fito daga kicin da hannu a kunne, wai in rage don Allah, har haƙoranta ke amsawa. Na ce ta tsaya kan girkinta ta bar min sauti. Ban kyauta ba, na sani.

Alhamis, 6 ga Maris

Ko taɓa lasifikar ban yi ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Na koma da niyyar canzawa. Mai shagon dattijo ne, da can shi ke haɗa sauti a manyan wasanni. Bai yi min musu ba. Ya haɗa wayarsa da lasifikar, ya ce zai saki wani siririn sauti, in ɗaga hannu da zarar na ji. Na tsaya ina jira. Wata mata da ta shigo sayen caja ta yamutsa fuska ta fita. Na ce ya kunna mana. Ya ce, a hankali, ai tun ɗazu yake kunne.

Ya ce shi ma kunnensa na hagu ya tafi tuntuni. "Duk wanda ya daɗe a gaban lasifika, ƙarshenta ke nan." Ya rubuta min sunan asibitin kunne a bayan katinsa. Na sayi ta ukun.

Tsoro nake ji. A nan dai zan iya faɗa. Da na gaya wa uwar yara, cewa ta yi ta fi shekara tana lura, ko ƙararrawar ƙofa aka kaɗa ita ke tashi ta buɗe.

Asabar, 8 ga Maris

Uwar yara ta ce za ta raka ni, wai iska take son sha. Yau kuma. Kafin baƙi su zo ta zauna a teburin gaba, ina rera baiti ɗaya ina rage kaifin tana girgiza kai. Na rage, na ƙara ragewa, sai da ya kai tsakiya ta gyaɗa. A kunnena kamar ina waƙa cikin tulu. Hannuna ya yi ta kaiwa ga maɓallin, ina janye shi.

Awa uku, ba wanda ya tashi. Manaja ya ce lallai sabuwar lasifika ta yi, sai Asabar. Na ce e, ta yi.

Na manna ɗan farin tef a jikin maɓallin, daidai inda ya kai ta gyaɗa kai, don ranar da ba ta zo ba. Katin yana aljihun jakar jita. Litinin dai ba ni da wani aiki.