Ɗan Acaɓar da Na Koya Wa Ɗora Hannu

Gwaggo Kyomuhendo, don Allah ki agaza mini da shawara. Abin da nake alfahari da shi yana neman zame mini ƙarfen ƙafa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Mbarara, a sashen waɗanda ciwonsu ya gagari magani. Wata tsohuwar abokiyar aiki ce ta koya mini ɗora hannu: mutum ya nutsu, ya daidaita numfashinsa, ya aza tafinsa a kafaɗar majinyaci ko goshinsa, ya yi shiru. Ita ta ce wani ƙarfi ne ke bi ta hannun. Ni ban ga ƙarfin da idona ba, amma na ga fuskoki suna sakewa. Sai na buɗe aji na fara koya wa abokan aikina, har da masu shara, sannan dangin marasa lafiya.

A cikinsu akwai wani ɗan acaɓa, Byaruhanga, ƙaton mutum mai hannu kamar faranti. Matarsa Kengonzi na fama da cutar daji. Kullum ya zo da kunun gero sai ya tsaya a bakin ƙofa, yana tsoron ya taɓa ta ya ƙara mata zafi. Ranar da na kama hannunsa na ɗora a goshinta, ta yi barci har da minshari, shi kuwa hawaye na zuba a gemunsa. Haka ya riƙa yi mata har ta cika a hannunsa. Gwaggo, ban taɓa jin daɗin aikina kamar lokacin ba.

To, shi ne ya baza ni a tashar 'yan acaɓa, wai hannuna na warkarwa. Yanzu ana sallama a gidana da kaji da damin ayaba. Wata mata ma ta ce mahaifinta zai daina shan magani tunda ga ni. Shugabarmu ta asibiti ta ji, ta ce in gyara ko ta rufe ajin. Mijina kuma ya ce in ajiye aikin in buɗe wurina. Zuciyata ta rabu biyu.

Mai Tafi Biyu, Mbarara

'Yata, ki yi alfaharinki, kin cancanta. Kin mayar wa miji da matarsa a kwanakinta na ƙarshe, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma shugabarki ba hassada take yi ba. Tsohon da zai bar magani take hangowa, kuma gaskiyarta. Ki nemi 'yarsa tun yau, ki faɗa mata ba kwana-kwana cewa hannu yana sanyaya zuciya, ba ya maye gurbin likita. Da wannan maganar za ki riƙa buɗe kowane aji, ki kuma gayyaci shugabar ta zauna ta ji da kunnenta.

Kaji da ayaba ki mayar wa masu su cikin mutunci. Mijinki yana son ci gabanki ne, ki gode masa, amma kada ki bar asibitin. A waje za a ɗora miki rawanin da zai karya miki wuya.

Byaruhanga kuwa kada ki yi masa faɗa, makoki yake yi da yabonki. Ki roƙe shi ya zo ya koya wa mazan da ke tsaye a bakin ƙofa. Ki tuna masa cewa a ƙarƙashin hannunsa matarsa ta yi barci, ba naki ba.

Allah ya yi wa hannuwanki albarka.

Gwaggonki Kyomuhendo