Baba, An Buɗe Akwatunan da Ka Sauke

Zuwa ga mahaifina, Baba Yakubu na tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana hutawa a wurin da babu tari, babu dakon kaya. Mu ma nan muna lafiya daidai gwargwado. Mama tana nan da ƙarfinta, cittar bana ta yi kyau. Ƙanwata Saratu ta shiga aji biyu a makarantar da na gama, ta yi tsawo har ta wuce ni.

Bayan gaisuwa, dalilin wannan takarda shi ne in shaida maka an buɗe akwatunan nan. Ranar Alhamis da ta wuce aka buɗe su, a kan idona. Na je kabarinka don in faɗa maka da baki, na yi ta tsayuwa, maganar ta ƙi fita, sai ciyawa kawai na cire na dawo gida. Shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda ya ga dama ya karanta tare da kai.

Ka tuna ranar da suka iso? Ina aji uku, shekarar da aka fara kashe naira, ba a daɗe da gwamnati ta karɓi makarantarmu daga hannun mishan ba. Ka dawo daga aiki rigarka jiƙe da gumi, ko ruwan wanka ba ka nema ba, tun daga ƙofar gida kake kiran sunana. Ka ce an buɗe wani tarago, sai ga akwatunan katako, kowanne da hoton kofin gilashi a jikinsa. Akawun tasha ya karanta muku cewa kayan kimiyya ne na makarantar su Rifkatu 'yarka.

Daga baya abokan aikinka suka ba ni sauran labarin, suna dariya. Wai ka hana samarin leburori taɓa su. Ka naɗa gammo, ka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya a ka, kana takawa kamar amarya, motar da za ta kai su makaranta tana ta yi maka oda. Duk wanda ya matso sai ka ce, "A hankali, 'yata ce za ta yi aiki da su." Tun daga ranar 'yan tasha suka laƙaba mini Nas, don kowa ya san aikin jinya nake so, kai kuma ka fi ni so.

Ɗakin gwaji kuwa yana nan yana jira, ku iyaye kuka gina shi da hannunku. Maza suka buga bulo, su Mama 'yan zumuntar matan coci suka yi ta jidar yashi da ruwa daga rafi suna waƙa. Aka shigar da akwatunan ciki, muka yi tsalle, muka ce mako mai zuwa za mu fara. Sai Firinsifal ya tara mu ya ce kayan gwamnati ne, ba kamar na mishan ba. Ba a buɗe su sai jami'in da ya aiko su ya zo daga Kaduna, an duba komai a gabansa, ya sa hannu. Ya ce ba zai wuce wata ɗaya ba. Ya rufe ƙofa da kwaɗo, ya sa makulli a aljihu.

Baba, ka san sauran har zuwa inda ka tsaya. Kowane zangon karatu sai labari ya zo cewa jami'i yana hanya. Sai a dakatar da darasi, a ba mu lauje mu sare ciyawa, mu shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, mu koyi waƙar maraba, mu jeru a rana har ƙafa ta yi sanyi. Can da yamma a ce mu koma gida. Wata rana ruwa ya cinye gada a hanyar Kachia, wata rana an canza shi an kawo wani, wata rana babu ma wanda ya san dalili.

Da damina ta kama, gara ta fara hawa katakon. Aka ɗora akwatunan a kan duwatsu, aka sa mu 'yan ajin kimiyya mu riƙa kula da su duk ranar Juma'a. Kai da kanka ka roƙo mana baƙin mai daga wurin gyaran injin jirgi, ka kawo a gwangwani, ka nuna mini yadda zan shafa a gindin katako. Aikin gwajin da na yi a ɗakin nan ke nan, shara da shafa mai. Firinsifal yana tsaye a bakin ƙofa har mu gama. 'Yan ajinmu suka sa musu suna Akwatin Alkawari, irin na Littafi Mai Tsarki, wai wanda ya taɓa ya mutu. Muna faɗa muna dariya, amma tsoron ya shiga jikinmu da gaske.

Kada ka ce ba mu da malami. Malam Bulus, malaminmu na kimiyya, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya sani. Duk abin da ke cikin akwatunan nan ya zana mana shi a allo. Ya zana kwalaben gwaji, ya zana sikeli, ya zana madubin da ake ganin ƙwayoyin cuta da shi, ya sayi alli mai launi da kuɗinsa don mu ga inda ruwa yake canza kama. Ya iya zane kuwa. Sai dai don 'yan baya su gani, komai babba yake zana shi, daga saman allo har ƙasa.

Sau ɗaya ya kawo ruwan zoɓo a kofin shayinsa, ya ɗiga ruwan toka, ja ya koma kore. Ya matsa lemon tsami, ya dawo ja. Ajin ya kaure da ihu. Na zo gida na yi maka irinsa a ƙwaryar Mama, ka tafa hannu, ka kira maƙwabta su zo su ga aikin Nas. Mama tana ta faɗa na ɓata mata zoɓo.

Sai tarin nan ya kwantar da kai. A asibiti kana bin masu farin kaya da ido, duk wadda ta wuce ka ce ba ta kai ni iya tafiya ba. Ranar da aka zo yi maka allura ka juyo ka ce mini, "Ta gaba ke za ki yi mini." Kowace ziyara kuma sai ka tambaya ko an buɗe. Ina cewa an kusa, don abin da ake faɗa mana ke nan. Muka binne ka ba a buɗe ba.

Abin da ba ka sani ba shi ne shekararmu ta ƙarshe. Jarrabawa tana matsowa, Malam Bulus ya je ofis ya roƙa, ya ce a buɗe ko guda ɗaya ne, in wani abu ya fashe a cire a albashinsa. Fasto ya je. Mama da matan zumunta suka je da kayan cocinsu, suka durƙusa a gaban ofis. Amma lokacin ne ake korar ma'aikata ta rediyo, mutum yana shan koko da safe sai ya ji sunansa. An kori wani shugaban makaranta saboda kayan sito da ba su cika ba. Mama ta ce Firinsifal ya fito ya durƙusa shi ma, ya ce musu yana da 'ya'ya a gida, idan ya ɓalle ƙusa ɗaya ba da izini ba, su wa za su ci da su? Ta dawo ta ce ba ta san wa za ta yi fushi da shi ba. Har yau ni ma ban sani ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Ranar jarrabawar gwaji aka zuba mu a bayan babbar mota, aka kai mu wata makaranta mai kayan aiki. Na shiga ɗakin na tsaya a gaban teburina. Baba, ban gane ko ɗaya ba. Akwai wani bututun gilashi da ake zuƙo ruwan magani da shi a auna. A allon Malam Bulus kaurinsa ya kai taɓarya. Ina ta neman taɓarya a kan tebur, ashe shi ne ɗan siririn nan kamar karan dawa da ke kusa da hannuna. Sai da na saci kallon yaran makarantar na ga abin da suka ɗauka.

Na san littafin, na rantse maka na san shi. Da a ce a rubuce aka tambaye ni, da na zuba musu shi daga farko har ƙarshe. Amma hannuna bai san komai ba. Shekara da shekaru an koya masa gilashi ba abin taɓawa ba ne. Na ɗauka da yatsa biyu, na zuƙa da ƙarfi, ruwan ya shige mini baki, ɗaci ya cika mini maƙogwaro. Na sake, na zuba ya zarce. Launin da ake jira ya zo ya wuce ban ankara ba, don ni a alli na san shi. Kusa da ni Hannatu, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajinmu, ta naɗe hannu tana hawaye, ko taɓawa ba ta yi ba har aka kaɗa ƙararrawa. Muka koma mota. Malam Bulus ya zauna gaba, bai waiwayo ba har muka iso.

Da sakamako ya fito, babu wanda ya tsallake kimiyya a ajinmu. Na ci Turanci, na ci lissafi, na ci ilimin addini, amma makarantar jinya ba su take tambaya ba. A gari aka yi ta cewa makarantar ta lalace tun da ta koma hannun gwamnati, wasu suka ce yaran yanzu ne ba sa karatu. Na ji wannan da kunnena a kasuwa, na sunkuyar da kai na wuce. Malam Bulus ya ajiye aiki ya tafi wani kamfani a Kaduna, ba a kawo wani a madadinsa ba.

Ni kuma, da aka buɗe firamare kyauta ga kowa, yara suka cika ajujuwa har ƙarƙashin mangwaro, aka rasa malamai, sai aka kwashe irinmu. Yanzu Malama ce ni, Baba, kada ka yi dariya. Ina riƙe alli ina zana wa yara abin da ni ma a allo na gan shi. Na yi tunanin sake jarrabawar, amma ina zan koyi aikin hannun, kuma wa zai riƙe Saratu da sauran ƙannena su Ayuba idan na bar aikin?

To, ranar Alhamis jami'i ya zo. Da aka aiko a kawo 'yan firamare su jeru a hanya, na ɗauka irin ta kullum ce, har na ce wa yarana su zo da ruwan sha. Sai ga mota. Na bar su a hannun wata malama, na zagaya ta baya, na tsaya a tagar ɗakin gwaji tare da masu leƙe.

Kafinta ya sa ƙarfe ya ɓalle murfin farko. Ƙarar ƙusar nan har cikin haƙorina na ji ta. Aka yaye ciyawar da aka cusa a ciki, aka fara fito da su ana jerawa a kan tebur. Ga kwalaben, ga sikelin, ga ɗan siririn bututun nan da yawa a naɗe cikin takarda, ga madubin ƙwayoyin cuta yana ƙyalli, ƙarami ne ashe, hannu ɗaya ma ya ɗauke shi. Gara ba ta taɓa katakon ba, baƙin manka ya yi aiki.

Jami'in ya duba, ya sa hannu, ya ce bai taɓa ganin makarantar da ta adana kayan gwamnati haka ba. Aka yi tafi. Firinsifal ya cire tabarau yana share ido, an ce ma za a ƙara masa girma. Daga nan aka jera kayan cikin kabad mai gilashi, aka kulle, tunda babu malamin kimiyya a makarantar yanzu. Saratu ta dawo gida da murna, ta ce su kam sun fi mu sa'a, suna iya ganinsu ta gilashi. Na ba ta abinci.

Babana, abin da na je kabarinka in faɗa maka na kasa, ga shi. Na tsaya a tagar nan har aka fito da na ƙarshe, ina duba kowanne da idona. Ko ɗaya bai fashe ba. Ko tsagewa babu. Ka sauke su lafiya, ka kai su lafiya, naka aikin ka yi shi daidai. 'Yarka ce dai ba ta yi aiki da su ba.

Ubangiji ya ba ka hutu, ya sauke maka duk nauyin da ka ɗauka dominmu. Ya aiko wa makarantar nan malami kafin Saratu ta kai aji biyar, ya kuma ba mai riƙe da makulli ƙarfin zuciya. Ni kuwa ya koya mini yadda zan riƙa bi ta tasha ina amsa gaisuwa ba tare da na canza hanya ba. Amin.

Ni ce 'yarka,
Rifkatu, wadda abokan aikinka har yanzu suke kira Nas.