Ƙarar Modu da Ban Kai Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masunta da Masu Fito na mashigarmu ta hanyar Kirikasamma,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka da jama'arka, na kan ruwa da na bakin gaɓa, ina gabatar da kaina ko da yake ka san ni. Ni ne dattijon nan mai tabarau da baƙar lema da ke zuwa daga Haɗeja kowace Asabar da hantsi, ya ɗauki hayar kwale-kwale ya tafi kamun kifi, ya dawo bayan la'asar da kwando wayam. Shekara talatin da biyu na yi ina magatakardan kotu kafin in ajiye alƙalami. Saboda haka na san ƙara idan na gan ta, na kuma san wadda ban kai ba.

Sau biyu na same ka a rumfarka kan wannan magana. Duka biyun ka shimfiɗa mini buzu, ka saurare ni da ladabi, sannan ka ce, "Alhaji, mun san tausayi ne ya kama ka, kada ka damu, mun riga mun gyara." To, ranka ya daɗe, gyaran nan shi ne ya hana ni sukuni. Tunda a bainar jama'a aka yi ɓarnar, a bainar jama'a zan warware ta.

Na ɗaya. Tun da ka hau wannan kujera ka kawo tsari, kuma ban raina tsarin ba. Baƙi sun fara zuwa daga Kano da Dutse da sandunan fatsa masu ƙyalli, kai kuwa kana son duk wanda ya zo ya koma da kifi da labari mai daɗi. A Asabar ta uku bayan Babbar Sallah ka tara masu jirage, ka sanar cewa an cire Modu, mai kwale-kwalen da nake haya, daga masu ɗaukar baƙi, domin wai Alhaji ya daɗe yana kuka da shi. Ka kafa hujja da abin da kunnenka ya ji. Ba na musu, na faɗa. Na ce tsufa ya cinye masa basira. Na ce kifi na jin warinsa tun daga Nguru ya juya. Na ce da a ba ni shi gara a ba ni turmi in hau. Duk na faɗa, da ƙarfi, shekara uku ba fashi, a gaban masu banda da masu tallar rogo.

Na biyu. Abin da ya ɓace maka shi ne ni Bafillace ne, Modu kuwa Babarbare. Ban ga laifinka sosai ba. Saniya ta ƙarshe ta bar gidanmu tun zamanin kakana, Fillancin da nake ji bai wuce gaisuwa ba, tumbina kuma ya ƙaryata asalina. Shi ma Modu a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Amma ran da na fara taka jirginsa, ya dubi ƙwaurina ya ce, "Fillo, zauna a tsakiya, kada iska ta ɗauke mini kai in rasa bawa." Ni kuma na sanar da shi cewa ba a taɓa jin bawa ya mallaki ubangidansa ba, sai dai a ƙasar da ake cin kanwa a matsayin alewa. Daga ranar muka ɗaura. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari. Wasa ne da muka tarar, ba a kai shi gaban alƙali, ba a fushi da shi, kuma wanda ya fi ƙaunarka shi ya fi yi maka tsiya. Kai ka ji rabona ne kawai, domin ni a gaɓa nake nawa, inda akwai 'yan kallo. Modu a tsakiyar ruwa yake nasa, inda ba ni da wurin gudu.

Na uku, kuma a nan zan tona asirin kaina. An ce ka tambaye shi ko gaskiya ne bai taɓa kai ni inda na kama ko karfasa ɗaya ba, ya ce gaskiya ne. To, Modu bai yi ƙarya ba, amma bai gama magana ba, domin ya rufa mini asiri. Shekara uku ƙugiyata ba ta taɓa ganin tana ba. Ina jefa ta ruwa tsirara kamar yadda maƙeri ya sallame ta. Ni mutum ne da ba ya iya taɓa tana, tarwaɗa kuwa idan ta motsa a kusa da ƙafata sai in tuna duk addu'o'in da na manta. Modu ya gani tun makon farko. Da Asabar ta zagayo sai ya bi da ni ta wata 'yar hanya cikin ciyawar kacala, ya fito da ni wani fili mai bado, inda babu masuncin da ke ɓata lokacinsa saboda ba kome a ciki sai kwaɗi. Ya kafa sandarsa a laka, ya ɗaure jirgi, ya ce, "Ga gonarka nan, Fillo, yi ta kiwo."

Za ka tambaya, to me ya kai ni? Zan amsa, ko da yake ba irin maganar da dattijo ke yi a kasuwa ba ce. Shekara huɗu ke nan da Allah ya yi wa uwargidana rasuwa. 'Ya'yanmu sun watsu inda abinci ya kai su, suna bugo waya, Allah ya yi musu albarka, suna tambayar hawan jini da ciwon gwiwa, sannan su ce ana kiransu. Abokan zamana na ƙofar gida an kai biyu makwanci, na ukun kunne ya tafi. Sauran jama'ar unguwa kuwa girmama ni suke yi, ranka ya daɗe, girmamawa mai tsanani. Idan na doso majalisa sai a tsuke baki, a gyara hula, a ba ni kujera mafi kyau, a jira in tafi a ci gaba da dariya. Marigayiya ce kaɗai ke iya duba na ta ce, "Malam, wannan dogon bayani duk a kan gishirin miya ne?" Da ta tafi, sai na wayi gari ba mai katse ni a duk faɗin Haɗeja.

A filin badon nan nakan yi wa Modu bayanin duniya, tun daga shari'o'in gado da na gani har zuwa dalilin da zalɓe ke tsayawa da ƙafa ɗaya. Yakan bar ni in kai tsakiya, sai ya ce, "Da surutu na kama kifi, da kai ne Sarkin Ruwa." Wani lokaci kuma mu yi shiru mu biyu har inuwa ta juya, ba mai bin wani bashin magana. Idan azahar ta yi mu taka wani ɗan tudu mu yi salla, shi ne liman, yana cewa ba zai bi wanda ya koyi alwala da nono ba. Wannan ita ce Asabar ɗina. Sauran kwana shidan jiranta nake yi.

Na huɗu. Ka haɗa ni da Malam Haladu mai jirgin inji, kuma ina shaida wa duniya cewa ba shi da aibu. Mutum ne mai ladabi, gwani a sana'arsa. Ya karɓi fatsata, ya ga ƙugiya ba koto, ya sa mata da hannunsa ba tare da ya kunyata ni ba. Injin ya hana ni jin ko da tarin kaina. Kafin rana ta take tsaka mun dawo da giwan ruwa wanda sai da mutum biyu suka kama mini shi zuwa mota. Aka yi mini tafi a mashiga, kai da kanka ka ce, "Ka gani ko, Alhaji?"

Na gani. Na kai shi gida na ajiye a tsakar gida, na zauna a kujera muna kallon juna. Kifin da zai ciyar da gidan mutum goma sha wani abu, a gidan da ake ɗora tukunyar mutum ɗaya. Na aika wa maƙwabta, suka aiko da godiya da addu'a. Ko azahar ba a kira ba, ga Asabar ɗin nan tsaye a gabana ba ta ko ragu ba.

Na biyar. Makon jiya na bi sawun Modu har ƙauyensu. Na tarar da kwale-kwalensa a kife a gindin giginya, shi kuma yana ɗinke ragar wasu. Shekarunsa sun wuce na jan koma, ɗaukar baƙi ita ce 'yar sana'ar da ta rage masa, ita ce kuma bakina ya yanke. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Da ya hango ni sai ya miƙe, ya cire takalmi, ya rusuna. Ya ce, "Barka da zuwa, Alhaji. Allah ya ja zamaninka." Ya sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, aka kawo ruwa a kwanon baƙi. Na tattara ƙarfin halina na ce masa, "Kai bawana, wa ya ba ka izinin hutu?" Ya dubi ƙasa ya ce, "A gafarce ni, ranka ya daɗe."

Na yi masa rantsuwa ban kai ƙararsa ba. Ya ce ya yarda. Irin yardar nan ce da na sha gani a kotu, wadda talaka ke yi wa mai babbar riga don a rabu lafiya. A ganinsa na ɗauki wasan kakanni na kai gaban hukuma, aka kunyata shi da shi a gaban 'ya'yan cikinsa. Wanda ya yi haka ya fita daga abokin wasa, ya koma Alhaji. Na sha ruwan, na yi sallama, ya raka ni har bakin hanya yana bayana da taku uku.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

A mayar da Modu cikin masu ɗaukar baƙi. Duk baƙon da ke son kifi na gaske, ya sa masa tana ya gani. Mutumin da ya san inda babu kifi daidai wa daida har shekara uku bai taɓa kuskure ba, ya fi kowa sanin inda yake.

A sake tara mutanen da aka tara ran nan, a wuri ɗaya, a irin lokacin, ka faɗa da bakinka cewa ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Ni zan tsaya a gefenka in cire hula, in ɗaga ƙugiyata kowa ya gan ta. Masu banda su yi dariyarsu, na yafe.

Abu na ƙarshe ba ya hannunka, na sani, ba kuma a hannun kowace ƙungiya yake ba. Amma idan kun gama, ka ce masa Fillo na nan tsaye, an kuma ba shi fili ya faɗi duk abin da ya ga dama.

Ranar Asabar zan zo da hantsi kamar kullum. Kada Malam Haladu ya wahalar da kansa ya tayar da inji. Zan zauna a kan kututturen nan na bakin mashiga har la'asar, idan jirgin Modu bai dawo kan ruwa ba in koma gida, in sake zuwa ta gaba.

Allah ya ƙara maka basira da adalci, ya tsare jama'arka daga iska da igiyar ruwa, ya cika komarku, ya kuma bar maka, har ƙarshen tsufanka, mutum ɗaya da bai jin nauyinka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Alhaji Sambo Baffa,
tsohon magatakardan kotu, Haɗeja.