Auta Ne Na Ƙarshe a Layin Allura

Assalamu alaikum Yaya Nura,

Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da akwai mai kai maka, dariya za ka yi wa rubutuna kamar yadda ka saba, ka ce sai an sa tabarau kafin a gane. Amma abin da na gani ranar Talata da safe ya ƙi fita daga raina. Ban iya faɗa wa Umma ba, kai kuma ba ka nan.

Gari ya waye sarai, na fito zan tafi rumfar facina a Kawo, sai na yanke ta bayan kangon nan na layinmu a Hayin Banki, wanda mai shi ya kai linta ya bari. Ka fi ni saninsa. Ta tagar baya na hango samari zaune a kan bulo. Bashir ɗan Malam Tanko ne a farko, shi ne babbansu yanzu da ba ka nan. Ya ɗaure damtsensa da igiyar takalmi, ya soka allurar, ya gama. Sai ya zuƙo ruwa daga ledar fiyawata, ya fesar a ƙasa, ya miƙa wa na kusa da shi. Shi ma ya yi, ya ɗauraye, ya miƙa. Sirinji ɗaya, Yaya, yana tafiya daga babba zuwa ƙarami. A can ƙarshe akwai wani a tsugune, ya naɗe hannun riga, kansa a sunkuye, yana jira. Auta ne. Hamzanmu.

Ka san abin da ya fi kashe mini jiki? Yadda yake jiran nan. Ka tuna kwanon tuwo a gidanmu, kai ke fara sa hannu, sai ni, sai shi. In ya riga mu ka buge masa hannu, ka ce babba ne ke farawa. Kai ka koya masa wannan ladabin, kuma ya koya da kyau. Yadda yake zama a gaban kwano, haka na gan shi a kangon, bai canja komai ba. Kafin in zagaya zuwa ƙofa, allurar ta riga ta shiga hannunsa.

Ban dake shi ba. Na san da kai ne da ka dake shi, ko da kai ne ka fara nuna wa unguwar hanyar. Na riƙo hannunsa muka tafi Kawo, na zaunar da shi a kan tsohuwar taya, na sayo masa koko da ƙosai, na jira har idonsa ya washe. Ya ce tun bayan ƙaramar salla ya fara. Ya ce saboda kai suke sa shi a ciki, wai ƙanen Nura ba baƙo ba ne. Da na yi maganar sirinjin, sai ya dube ni kamar ni ne yaron, ya ce ai wankewa suke yi, ban ga ruwan ba?

Na gani. Kai ma haka kuka riƙa wankewa, ko?

Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba, domin lokacin da na sani ka riga ka tafi. Ni na zuba maka ruwa ranar da aka yi maka wanka. A nan na ga hannuwanka, tabo a kan tabo, daga gwiwar hannu har wuyan hannu. A nan na gane dalilin rigar dogon hannu a tsakiyar bazara. Ni tramol kaɗai na sani, wanda ka ce kana sha don ka iya jan keke daga asuba ba gajiya. Da idanunka suka yi ɗorawa, cikinka ya kumbura, aka ce shawara ce, aka jiƙa maka saiwoyi. Wasu suka ce sammu ne. Sai da muka kai ka asibiti likita ya ce ciwon hanta ne, kuma ya ci jiki. Ya tambaya ko kana yi wa kanka allura, Umma ta rantse ɗanta bai san wannan ba. Har gobe haka ta sani.

Bari in ba ka labarin gida kafin in ci gaba, don na san za ka tambaya. Umma tana nan, hawan jinin yana tashi yana sauka. Matarka Anti Maryam ta gama takaba ta koma gidansu a Badarawa, tana zuwa gaishe da Umma ranar Juma'a. Mai keken ya karɓi abinsa ya ba wani. Har yanzu hoton zakin da ka manna a baya yana nan. In ya wuce ta gaban rumfata sai na ɗaga kai, ko da na san ba kai ba ne.

Bayan rasuwarka wasu ma'aikatan lafiya suka fara zuwa gindin dogon yaron da ke kusa da kangon. Ƙaramin tebur suke ajiyewa, da wani akwati mai ruwan ɗorawa da ake jefa tsofaffin allurai a ciki. Wanda ya kawo tsohuwa su ba shi sabuwa a cikin leda. Suna soka yatsa su gwada jini, na hanta da na ƙanjamau. Wanda ya ce ya gaji yana son dainawa, su raka shi inda za a taimake shi. Ba su zuwa da ɗan sanda, ba su zagi. Gaskiya da farko ni ma raina ya ɓaci, na ce yaya za a riƙa raba wa yara abin da ya kashe yayana? Na je da niyyar faɗa. Babbarsu, wata Sista Asabe, ta bar ni na gama, sannan ta ce ba ƙwayar kaɗai ta kashe ka ba, har da jinin wani da ya rage a cikin sirinji. Ta ce ido ba ya ganinsa, ruwa ba ya kashe shi. Ta ce na ƙarshe a layi, jinin kowa yake sa wa jikinsa.

Ranar na miƙa yatsana, domin reza ɗaya muka yi shekaru muna aski da ita ni da kai. Allah Ya tsare, ba a ga komai ba, har suka tura ni na yi rigakafin hanta. Na je na roƙi Anti Maryam, ita ma ta yi, lafiya lau. Ni mai faci ne, abin bai yi mini wuyar ganewa ba. Tif yakan zo mini sumul, ka rantse ba huda, sai na tsoma shi a ruwa in ga kumfa tana tashi.

To ba su daɗe ba aka kore su. Malam Tanko, shugaban kwamitin unguwa, shi ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce an zo lalata tarbiyya, ba za a raba allura a unguwarsa yana da rai ba. Mutane suka goyi bayansa, kuma ban ga laifinsu ba, tsoro ne irin nawa. Amma ni da nake bin bayan kangon kullum, na ga abin da ya biyo baya. Yaran ba su daina ba. Sababbin allurai ne suka daina zuwa. A bayan korar ne Auta ya shiga. Bai taɓa riƙe allurar da take tasa shi kaɗai ba, ko sau ɗaya.

Yanzu kullum da safe sai na sami dalilin duba idonsa. In ce wani abu ya faɗa masa, in buɗe fatar idon, ina neman ɗorawar nan da na gani a naka. Fari ne tas. Amma Sista Asabe ta ce ido shi ne na ƙarshen nunawa. Kai ma naka fari ne shekara da shekaru, ko ba haka ba? Na nemo inda suke aiki, ta ce in kawo shi. Jiya na lallaɓa shi har bakin ƙofa, yana ganin mai gadi da kaki ya fizge ya ruga. Gani yake za a miƙa shi ga hukuma, ko a kai shi inda ake sa wa mutane mari a ƙafa. Ya rantse mini da Allah in suka dawo gindin dogon yaro zai miƙa yatsansa, don ya ga abokansa sun yi ba abin da ya same su. Kuma ko da an gwada shi yau, gobe ina zai koma? Layin nan dai, a ƙarshe, yana jira.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci kwamiti zai zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Na roƙa a ba ni dama in yi magana, a dawo da mutanen nan. Ni da ban gama firamare ba, ban taɓa buɗe baki a gaban dattawa ba. Kuma ka san yadda zaman yake, can ma babba ne ke farawa. Kafin a zo kaina an gama yanke magana.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. In zan sa su saurare ni, sai na faɗi abin da na gani a hannuwanka. Sai na kira sunanka a gaban jama'a, kai da aka binne da sunan shawara. Kafin la'asar maganar za ta shiga gida ta sami Umma. Jininta zai ɗauka? Kai za ka yafe mini? In kuma na yi shiru na rufa maka asiri, wa zai zuba wa Auta ruwa in ba ni ba? Wankan ɗan'uwa ɗaya ya ishe ni, Yaya.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi hana ni sukuni. Ba ni kaɗai na gani ba. Da na juya daga tagar zan ruga ƙofa, saura kaɗan in bangaje mutum. Yana tsaye a bayana da carbi a hannu, ban san tun yaushe ba. Igiyar takalmin tana damtsen Bashir har lokacin. Bai yi mini sallama ba, bai kira sunan ɗansa ba, carbin ne kawai ya daina motsi. Daga ranar in mun haɗu a sahu sai ya sunkuyar da kai. Ban sani ba ko 'yan sintiri zai turo su tarwatsa yaran, su koma wani lungun da ba zan ƙara gano Auta ba, ko kuwa zai ce a dawo da teburin. Malam Tanko ne, Yaya. Kuma shi zai fara magana ranar Juma'a.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Sai mun zo.

Ƙanenka na tsakiya,
Sabi'u mai faci.