Ƙahon da ke Ƙarƙashin Ganye

Tajaye, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Munkaila,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da ciwon ƙafarta. Na rubuto ne don a waya sai ka ce "to, to" ka kashe.

Wata biyu ke nan motar da Baba ya bar mana tana fake gindin bedi, kaji na kwana cikinta, saboda famfon ruwan inji da ka kasa samu. Wani malami a lakwal ɗinmu, wato makarantar da nake aiki, ya nuna mini dalili a wayarsa. Kamfanin da ke ƙera irin motar tamu, Mai Ƙaho, an sayar da shi tun da daɗewa, wanda ya saya ya sake sayarwa, na ukun ya goge sunan da alamar ƙahon gaba ɗaya. Kamfanin da babu shi, wa zai yi maka fiyes ɗinsa, wato kayan gyara?

Na yi magana da Kabiru mai sayen tsoffin ƙarafa. Zai zo Dogarawa Juma'a ta sama ya ɗauke ta kafin tsatsa ta gama da ita. Kai kuma ka nemi tuƙin kamiyon siminti a Malbaza. Ni ce babba, ka ji maganata.

Allah Ya bar zumunci.
Yayarka, Wasila

*

Dogarawa, ranar Talata

Yaya Wasila,

Ina gaishe ki da girmamawa. Inna ta ji sauƙi, tana gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san aji huɗu na tsaya.

Na ji maganarki, har Malbaza na je jiya neman aikin. Ina zaune bakin tasha sai na ji an tada mota a bayana. Wallahi Yaya na miƙe tsaye, na ɗauka wani ne ya sato tamu. Tari biyu, ta yi shiru kamar za ta mutu, sannan ta kama. Kin san wagga muryar, ita ke tada mu da asuba muna ƙanana. Na waiga sai na ga sabuwar mota fes, da alamar ganye a hancinta.

Na roƙi direban ya buɗe mini gaba. Ya ce, "Ɗan ƙauye, saye za ka yi?" Na ce kallo dai, kallo ba a biya. Famfonta na da takarda manne mai hoton ganye. Na sa yatsa na shafa gefen takardar, na ji tudu a jikin ƙarfen. Ƙaho ne, Yaya. Biyu, a lanƙwashe, yadda suke a tamu.

Sun canza suna da mai gida, amma ga alama tukunyar da suke zuba ƙarfen ba su canza ta ba. Wata biyu ina yawo shago-shago ina cewa a ba ni famfon Mai Ƙaho, ana ce mini ya ƙare. Sunan ne ya ƙare. Gobe Laraba zan shiga Ƙonni in tambayi na Mai Ganye.

Kada ki bari Kabiru ya taso tukuna.

Ƙanenki, Munkaila

*

Tajaye, ranar Alhamis

Munkaila,

Gaisuwa. Na nuna wa malamin wasiƙarka, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce kamfani uku, ƙasa uku, injiniyoyi dubbai, sai ɗan Dogarawa ne zai gane su da kunne? Ni ban yi dariya ba. Na tuna yadda Baba ke ɗora kunne kan bonet ya faɗi abin da ke damunta kafin makanike ya iso.

Amma na riga na ba Kabiru magana, ba na son a ce ɗiyar Shehu direba ta yi magana biyu. Abin da zan iya shi ne wannan: in motar ta tashi da ƙafarta kafin Juma'ar, ni da bakina zan ba shi haƙuri. In ba ta tashi ba, kada in ji ƙorafi.

Ki gaida Inna, na ce, au, ka gaida Inna. Ka ga har ka rikita ni.

Wasila

*

Dogarawa, ranar Litinin

Yaya Wasila,

Ina wuni, ina aiki. Na samu famfon a shagon Alhaji Sadisu. Shi ne ya rantse mini sau uku a baya cewa babu. Da na ɓare takardar a gabansa ya ga ƙahon, sai ya ce, "Kai, shekara nawa kwalayen nan ke nan ina korar mutane!"

Sai dai da na kawo gida, ƙusa uku suka shiga, ta huɗu ta ƙi. Ramin ya goce kamar faɗin ƙwayar wake. Wannan kaɗai sabon mai kamfanin ya taɓa. Mutanen tasha suka taru suna cewa in daka da guduma. Ban daka ba. Na shafa toka da mai a jikin injin, na danna kwali ya ɗauki sawun ramukan, na kai wa Isma'il mai walda. Kwana biyu muna gogawa da zarto kaɗan-kaɗan, in gwada, in cire. Jiya ƙusar ta shiga rabi.

Matan rugar da Baba ke kai wa nono kasuwa kullum sai sun biyo sun tambaya. Ɗaya daga cikinsu, Lubabatu, ta ce nonon da take sayarwa na tsami a kan amalanke kafin su kai Ƙonni. Na ce mata ta ba ni kwana uku.

Saura kwana huɗu a naki lissafin. Ban manta ba.

Ki huta lafiya.
Munkaila

*

Ranar Alhamis, da hantsi

Yaya,

Gaisuwa. Wagga takardar ban ba kowane direba ita ba, mai gadin lakwal ɗinku na miƙa wa da hannuna.

In kin gama karantawa ki buɗe tagar aji. Ki kira malamin nan ma ya zo ya saurara. Za ta yi tari biyu, ta yi shiru. Kada ki tsorata, ki jira.

Munkaila