Wurin da Hannuna Ba Ya Kaiwa

Litinin, 3 ga Maris

Ina sanar da duk wanda abin ya shafa, wato ni kaɗai, cewa tawaye ya ɓarke a tsakiyar bayana, tsakanin kafaɗun nan biyu, daidai wurin da Allah bai ba hannun ɗan Adam ikon kaiwa ba. Ƙaiƙayi ne. Na aika masa da rula, na aika masa da gindin biro, duk sun dawo a wulaƙance.

Yau a ɗakin karatun da nake aiki wata ɗaliba ta same ni ina goga bayana a jikin kantar littattafan tarihi kamar akuya ta samu bango. Na ce mata ina duba ƙarfin katakon ne. Ta ce, "Sannu da aiki, Malam." Yarinya mai tarbiyya.

Laraba, 5 ga Maris

Gwamnati ta ga jini a singiletina wajen wanki. (Gwamnati ita ce matata. A nan kawai nake kiranta haka.) Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina da rigar a hannu ta ce, "Baban yara, gobe asibiti." Ta juya.

Na lura wannan ce magana mafi tsawo da ta haɗa mu a makon nan. Ba faɗa muke yi ba, Allah ya kiyaye. Tun da auta ta tafi jami'a gidan ya yi mana yawa. Ni ina nan da littattafaina, ita tana falo da takardun makarantar da take shugabanta. Mukan haɗu a wajen abinci mu yi gaisuwa kamar maƙwabtan kirki.

Alhamis, 6 ga Maris

Likitar ba ta girmi 'yata ta fari ba. Na fara yi mata bayanin abin da na karanta game da cututtukan fata, ta saurare ni da haƙurin mai jiran ruwan sama ya ɗauke, sannan ta ce, "Baba, ɗaga rigar."

Ekzima ce, in ji ta. Fatar ce ta bushe, ta kumbura, ni kuma na ƙara mata da susa. Ta rubuta magani biyu. Na farko ɗan bututu ne na man shafawa mai sitiroyid, shi ne mai kashe kumburin. Na biyu babban gwangwani na mai zalla, mai hana bushewa.

Ta kama yatsana manuni ta nuna mini: a matso maganin daga kan yatsa zuwa gaɓa ta farko, wannan ya ishi wuri mai faɗin tafin hannu biyu. A shafa a inda ciwon yake kawai. Ban da fuska. A wanke hannu bayan an gama. A ɗan jira ya shiga jiki kafin a bi da mai zallan. Idan wurin ya fara ruwa ko ƙuna, in dawo ba tare da jiran ranar da ta sa mini ba.

"Wa zai shafa maka?"

Na ce ni.

Ta dube ni, ta dubi tsawon hannuna, ta ci gaba da rubutu.

Asabar, 8 ga Maris

Na karanta takardar cikin kwalin tas, har da ƙananan rubutun. Da na gama sai na ji kamar ba magani aka ba ni ba, wuta aka ba ni a bututu. Saboda haka jiya na ɗiga ɗan mitsitsi a kan rula, na tsaya tsakanin madubi biyu, na shafa wa inda lafiyarsa ƙalau.

Yau Gwamnati ta shigo tana neman almakashi ta same ni a murɗe kamar igiya.

"Me nake gani haka?"

"Jinya."

"Kawo. Zauna. Fuskanci bango."

Ta ɗauko tabaronta, ta sa na maimaita mata abin da likita ta ce, ta matso maganin a yatsanta daidai gaɓa, ba ƙari ba ragi, kamar mai ba ɗalibi maki. Na ce ai na karanta yana sa fata ta yi siriri. Ta ce, "In an wuce ƙa'ida. Kai kuma ko ƙa'idar ba ka kai ba, ka zauna kana tsoron wucewa."

Hannunta da sanyi. Na manta haka yake.

Talata, 11 ga Maris

Na yi barci. Barci na gaske, wanda ba a farkawa a tsakiyarsa ana neman rula. Alhamdulillah. Allah ya yi wa wanda ya haɗa maganin nan albarka, da likitar, da wanda ya ƙera bututun ma.

Abin da ban zata ba shi ne jiran da ke tsakanin maganin da man. Tunda dole a jira, kuma ba zan sa riga ba, Gwamnati ta ce ba za ta yi ta zirga-zirga ba. Ta wanke hannu, ta kawo shayi, ta zauna a gefen gado, ni ina kan kujera ina kallon bango. Sai ga magana tana fitowa da kanta. Ashe mataimakinta a makaranta ya daɗe yana kai ƙararta. Ashe gwiwarta na damunta wajen hawa bene. Ina gida ɗaya da ita ban sani ba.

Wataƙila ya fi sauƙi a yi wa ƙeyar mutum magana.

Juma'a, 14 ga Maris

Ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Labarin kantar tarihi na ba ta.

Litinin, 17 ga Maris

Ƙaiƙayi ya tafi. Ban gaya wa kowa ba.

Yau ta ce tana shiga ɗakin auta wani lokaci ta zauna haka kawai. Na ce ni ma. Ashe muna yin layi ne ba mu sani ba.

Na dawo daga aiki da wuri, na bar wa abokin aikina rufe ƙofa. Ya ce, "Malam, ko an yi maka sabon aure ne?" Na ce jinya nake yi, ya ji tsoron Allah.

Laraba, 19 ga Maris

Ta sa tabarau, ta duba, ta shafa wurin da tafin hannu, ba ta buɗe bututun ba.

"Bayanka ya warke."

Na ce a sama ne ya warke, a ciki yana nan yana ci. Har na ɗan motsa kafaɗa don a yarda.

"Baban yara, ni nake ganin bayan nan, ba kai ba."

Ta ɗauki hotonsa da waya ta miƙo mini. Karo na farko da na ga bayana sosai. Ba abin alfahari ba ne, amma sumul yake, sai ɗan duhun tabo. Na ce waya tana gyara hoto. Ta ce gobe in gaya wa likita haka. Ta shafa mini mai zallan nan take, ba jira, ba shayi, ta koma ga takardunta.

Mutum mai furfura, yana ƙaryar ƙaiƙayi. Na rubuta ne don in ga yadda yake a takarda. Ba kyau.

Alhamis, 20 ga Maris

Likita ta duba ta ce madalla, a ajiye bututun. Na ce ko a ƙara ɗan lokaci saboda rigakafi? Na kawo hujjoji masu kyau, har na ji daɗin kaina.

Ta ce, "Baba, wannan maganin ciwo ne, ba man ado ba. In ka ci gaba da shafa shi a fata mai lafiya, abin da ka karanta a takardar nan shi zai same ka. In ciwon ya dawo, ka zo mu duba, kada ka ɗauko shi da kanka don ka ga ja ko ka ji susa. Ba kowane ƙaiƙayi yake wa magani ba." Mai zallan kuwa, ta ce in ci gaba da shi kullum.

Na yi godiya, kuma da gaske nake. Amma a hanya ina tunanin mai zalla ba ya bukatar awo, ba ya bukatar tabarau, ba ya bukatar jira. Wa zai bar aikinsa saboda shi?

Juma'a, 21 ga Maris

Gwamnati tana da taron iyayen yara, ta dawo a gajiye. Ban tayar da maganar shafa mai ba. Na ɗauko rula na yi abin da zan iya. Na buɗe littafi, shafi ɗaya na yi ta karantawa.

To, an warke. Ai abin da ake nema ke nan.

Asabar, 22 ga Maris

Da yamma ta turo ƙofa da ƙafa, gwangwanin mai a hammata, kofi biyu a hannu.

"Cire riga. Fuskanci bango."

Na ce ai yanzu babu jira, likita ta soke.

"Na sani. Ina bututun?"

Na nuna mata. Ta jefa shi a aljihun rigarta, ta ce zai zauna a wajenta, tunda an gano akwai masu ciwon da waya ba ta ɗauka. Ta gama shafawa, ta wanke hannu, ta dawo ta zauna a gefen gado ta miƙe ƙafar da ke damunta.

"Juyo mana. Na gaji da yi wa ƙeyarka hira."

Na juyo. Shayin ya huce kafin mu tuna da shi. Gobe zan raka ta a duba gwiwar, na riga na fara karatu a kai, ta ce in rufa mata asiri.

Na ɗauka maganin ne yake kawo ta. Ban yi daidai ba.