Na haɗa AI da rumbun rubutun gidanmu, ya tona asirin Yayata

Anti mai shawara, ina gaisuwa. Don Allah ki taimake ni kafin ƙarshen watan nan, domin na ɗebo ruwan dafa kaina, kuma ba wanda zan kai ƙara tunda ni ne mai laifin.

A gidanmu Injiniya ake ce mini. Ban taɓa leƙa ajin injiniyanci ba, magatakarda ne ni a wani ofishi, aikina buga wasiƙu da jera fayil. Sunan ya samo asali ne ranar da na tayar da rimot ɗin talabijin ta hanyar juya batir, ni kuwa na karɓe shi hannu bibbiyu har yau.

Mu biyar ne wurin mahaifinmu. Baba yana fama da ciwon suga da hawan jini, ga ido ya fara ba shi matsala. Bara na buɗe mana rumbun rubutu a intanet, irin manhajar nan da mutane da yawa za su iya shiga su rubuta abu wuri guda. Na yi shafin magunguna, na yi shafin ranakun ganin likita, na sa musu launi har da ƙananan hotuna. Kowa kuma na ware masa shafinsa na kansa. Babbar yayarmu, wadda malamar firamare ce, ta tambaye ni ko wani zai iya ganin nata. Na bugi ƙirji na ce ko ni ba zan iya ba. Gaskiyar magana, ban sani ba. Ɓoye shi kawai na yi wa sauran, ashe ni mai rumbun ƙofata a buɗe take.

Wata uku da suka wuce, autanmu ya rubuta a zauren hirarmu na waya cewa Yaya ce kaɗai ke ɗauke da Baba, mu sauran 'yan kallo ne. Anti, raina ya ɓaci. Ni da na gina rumbu guda? Lokacin kuwa na fara amfani da mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira, wato AI, kuma na ji ana iya haɗa shi da rumbun ya karanta komai da kansa. Sai na ce yawwa, ga alƙalin da ba ya son kai.

Wajen haɗawa ya tambaye ni ko in zaɓi shafukan da zai gani, ko in ba shi duka. Na ba shi duka. Ya tambaya ko karatu kawai zai yi ko har da rubutu. Na ba shi har da rubutu. Akwai wani dogon bayani a ƙasa, amma ai Injiniya ba ya karanta bayani. Na umarce shi ya duba komai na shekara guda, ya rubuta rahoton abin da kowa ya yi wa Baba ba sani ba sabo, ya manna a shafin farko inda kowa zai gani. Ko jira in karanta ban yi ba, na rufe kwamfuta na shiga mitin ina murmushi.

Allura ta tono garma. Rahoton ya ce na ƙirƙiri shafuka ashirin da uku, na sauya launinsu sau da dama. Ya ce na shigar da ranakun asibiti goma sha ɗaya, bakwai daga ciki ba daidai ba ne, kuma duk bakwai ɗin Yaya ce ta bi ta gyara ba tare da ta ce uffan ba. Ya ce sau ɗaya na raka Baba asibiti, kuma a ranar ma a wajen ajiye motoci na zauna ina waya. Da a nan ya tsaya, da na haɗiye kunyata na ci gaba da rayuwa.

Sai ya ɗauko daga shafin Yaya. Ashe a nan take zuba abin da ba ta faɗa wa kowa. Ta rubuta cewa wani lokaci in ta mayar da Baba gida, takan tsaya a bakin hanya ta yi kuka kafin ta wuce wurin yaranta. Ta rubuta cewa an zaɓe ta zuwa kwas na wata shida wanda zai kai ta ga zama shugabar makaranta, amma ba za ta cike fom ɗin ba saboda babu wanda za ta bar wa Baba. Akwai kuma layin da ya kashe ni da raina, inda ta ce kada a nuna wa Injiniya kurakuransa, domin yana jin daɗi idan yana ganin kamar yana taimakawa.

Awa biyu rahoton ya yi a shafin farko kafin in fito daga mitin. Na goge, amma ihu ne bayan hari, kowa ya riga ya karanta. Yaya ba ta yi mini faɗa ba, ina ma ta yi. Ta share shafinta, ta sayi littafin rubutu mai layi irin na ɗalibanta, ta daina shiga rumbun gaba ɗaya. Idan na gaishe ta tana amsawa cikin mutunci kamar baƙon da ya zo tambayar hanya.

Don in wanke kaina, na ce ni zan kai Baba wurin likitan ido. Na ɗauki hutu a ofis, na saka kaya masu kyau, na kai shi ranar Laraba. Ashe Talata ce ranar. Ni na shigar da ita, kuma yanzu babu mai bi ta gyara. An ɗage mana zuwa bayan wata biyu. Baba dai ya tambaye ni ko Yaya lafiya take.

Kada in ɓoye miki, har na sa AI ɗin ya rubuta mini wasiƙar ban haƙuri. Ta yi kyau ƙwarai, har ta fi ƙarfina, shi ya sa na kasa turawa. Matata ta ce in bari ƙura ta lafa. Amma ƙarshen watan nan ake rufe karɓar fom ɗin kwas ɗin, kuma na san ba ta cike ba. Ina jin tsoro in yi maganar ta ce na ƙara shiga sirrinta, ina kuma jin tsoro in yi shiru ta rasa damar saboda irina. Yaya zan yi?

Naki,
Injiniyan da ba takarda

Ƙanena Injiniya,

Na yi dariya a farkon wasiƙarka, a ƙarshenta kuwa jikina ya yi sanyi. Bari in fara da inda ka yi daidai. Rumbun da ka buɗe ba shirme ba ne, gida mai marar lafiya yana bukatar wurin da kowa zai ga magani da rana. Ba ka kuma shiga shafin yayarka da niyyar leƙe ba. Mutumin da ya iya ba da labarin wautarsa haka dalla-dalla, ba a yanke ƙauna da shi.

Amma kada ka ɗora wa na'ura laifi. Ka ba ta makullin kowane ɗaki, ka ce ta faɗi komai, ta faɗa. Laifinka na farko ma ya girmi AI ɗin: yayarka ta tambaye ka ko shafinta a rufe yake, ka ba ta tabbacin abin da ba ka sani ba. A kan maganarka ta saki jiki ta rubuta. Wannan ne ya yi mata ciwo, ba don kawai an karanta ba.

Yau ɗin nan ka shiga saitin rumbun ka cire haɗin. Idan nan gaba kun yarda ku duka a mayar da shi, a ba shi shafin magunguna da na ranaku kaɗai, karatu ban da rubutu, kuma kada wani abu ya fita sai ido ya gani. Shafin sirri kuwa ba ya zama a rumbun da wani ke riƙe da makullinsa. Ka faɗa wa 'yan'uwanka haka, ka roƙi duk wanda ya ɗauki hoton rahoton ya goge.

Wasiƙar da aka rubuta maka, ka bar ta inda take. Yayarka malama ce, ta san aikin da ɗalibi ya yi da hannunsa da wanda aka yi masa. Ka taka ƙafa ka je gidanta, kai kaɗai, ba a zauren waya ba. Ka ce ka yi mata ƙarya a kan shafin, ka kuma amsa cewa ka nemi yabon da ba naka ba. Idan ta yi shiru ka jure, idan ta yi faɗa ka saurara. Ba dole ne ta huce a ranar ba.

Matarka tana da gaskiya cewa ƙura na bukatar lafawa, sai dai fom ba ya jiran ƙura. Abin da ka sani ka riga ka sani, yin kamar ba ka gani ba wata ƙaryar ce. Ka ambaci kwas ɗin sau ɗaya, a taƙaice, kuma kada ka je da lallashi, ka je da tsari. Kafin nan ka zauna da ƙannenku ku raba wata shidan, wa zai kai Baba asibiti, wa zai duba magani, a wace rana. Dalilin da ya hana ta shi ne babu wanda za ta bar wa Baba, don haka sai ta ga mutum tsaye kafin ta yarda. Zaɓin kuwa nata ne, ko da ta ce a'a.

Ka kuma san cewa bayan abin da ya faru ranar Laraba, alkawarin bakinka ba shi da nauyi a wurinta yanzu. Ka roƙe ta ta buɗe littafinta ta karanto maka ranar asibiti ta gaba, ka rubuta a gabanta, ka maimaita mata. Idan ranar ta zo, ka kai Baba da wuri, ka bi layi tare da shi, ka shiga wurin likita ka ji abin da aka ce. Idan kun dawo, kada ka sanar da kowa cewa ka je. Yayarka ta shekara tana yin haka, kuma za ta ji labari daga bakin Baba.

Allah Ya ba mahaifinku lafiya, Ya sanyaya zuciyar yayarka, Ya sa ta cike fom ɗinta da kwanciyar hankali.

Antinka